Ruwa ya ɗauke kwana ashirin a tsakiyar damina: gona za a fara ceto, ko dabba, ko rijiya?

Manomin_Gamawa
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce ga masana. Ku ɗauka a yankin Gamawa, Zaki ko Dambam, ko can Nafada da Dukku, an yi shuka a tsakiyar Yuni, an yi noman firi, sai ruwa ya ɗauke tun goma ga Yuli har kwana ashirin. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, masara ta naɗe ganye, tafki bai kawo ba, rijiya ta koma laka, shanu sun dawo daga kudu ba su tarar da ciyawa ba. Mai gida yana da buhun taki biyu, shanu biyar da 'yan kuɗi kaɗan a hannu. Me zai fara yi? Ya zuba takin, ya sake shuka, ko ya sayar da dabba? Don Allah a yi bayani da ma'auni, kada a tsaya ga "a yi haƙuri" kawai.

MalaminGona_Misau
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a taɓa aljihu a fara raba abin da ya mutu da abin da ya suma. A shiga gona da asuba kafin rana ta fito. Masarar da ke naɗe ganye da rana amma ta buɗe shi cikin dare tana da rai. Wadda aka tarar a naɗe tun asuba, launinta ya koma toka-toka, ita ce ke kan gaɓa. A tumɓuke guda biyar daga sassa daban-daban, a tsaga karan a tsaye da wuƙa, a duba zuciyarsa. In fara ce da tauri za ta tashi idan ruwa ya sauka. In ta yi ruwan ƙasa ta yi laushi, an gama da ita.

Sai ƙirga. A auna kunya mai tsawon mita goma a wuri biyar. In an shuka da tazarar santimita 25, tushe 40 ya kamata a samu a kowace. In masu rai sun haura 20, kada a kife gonar, a cike gurbin da wake. In ba su kai ba, a fara tunanin sake shuka.

Gero da dawa ba a yi musu gaggawa. Suna dakatar da girma su jira, kuma gero yana fitar da 'ya'ya daga gindi ko da uwar ta ƙone. Masara ce ba ta da wannan haƙurin, musamman mako biyu kafin fitar gemu da mako biyu bayansa. Fari yana jinkirta gemu, bununi ya zube kafin gemun ya fito, sai ka ga goyo ƙato amma in ka ɓare totuwa ce da ƙwaya tsilla-tsilla.

Dan_Soro
To Malam, ba gara a zuba yuriyar yanzu ba, in ruwa ya zo ya tarar da ita a gindin shuka? Ai an rage aiki.

MalaminGona_Misau
A'a ɗan'uwa, nan ne kuɗi ke tafiya. Yuriya in ta zauna a saman ƙasa mai zafi, da ɗan raɓa ko yayyafi, narkewa take ta zama iska ta tashi. Wadda ta rage kusa da saiwa kuma tana janye ɗan danshin da shukar ke riƙe da shi, ta ƙone ta. A ajiye buhu a ɗaki har a yi ruwan da ya jiƙa ƙasa zurfin tafin hannu, wato santimita 15 zuwa 20. Sannan a huda rami da tsinke ko sanda, nisan yatsu huɗu daga tushe, a zuba cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, a rufe da ƙafa. Kuma a raba shi biyu, kada a zuba duka a lokaci guda tunda ba a san ko ruwan zai zauna ba. Haka maganin ciyawa: wanda ake fesawa bayan shuka sai da danshi yake kama ƙasa, wanda ake fesa wa ciyawa kuma ba ya shiga jikin ciyawar da ta yi yaushi.

Bakatagumiya
Zancen sake shuka a yi shi da kalanda a hannu. A arewacin Bauchi ruwa kan janye ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wanda zai sake shuka ranar ɗaya ga Agusta kwana 60 zuwa 70 ke gare shi. Gero SOSAT yana son kwana 90 ko kusa da haka, ya wuce. Masara mafi saurin nuna irin su SAMMAZ 28 da 29 tana son kwana 80 zuwa 85, ita ma caca ce a can, ko da yake a Kumo, Billiri ko Dass inda damina ta fi tsawo za a iya gwadawa. Abin da ya rage shi ne wake mai sauri na kwana 70 zuwa 75 kamar SAMPEA 10, da kankana, domin su biyun suna ƙarasawa da danshin ƙasa da raɓa. Riɗi ma ana yi, amma in ya wuce makon farko na Agusta yana cikin haɗari. Waken yana da riba biyu: ko bai yi 'ya'ya sosai ba, harawarsa kuɗi ce a shekarar fari.

Ardo_Wawa
Kun daɗe a gona. Ni na ce dabba za a fara dubawa, domin gona in ta lalace shekara ɗaya ce, garke in ya karye shekara biyar bai dawo ba. Saniya mai kilo 250 tana cin busasshen abinci kusan kilo shida a rana, tana shan ruwa lita 25 zuwa 40 gwargwadon zafi, mai tatsa ta fi haka. Shanu biyar ke nan kilo 30 na abinci da jarka shida ta lita 25 kullum. Wanda ba zai iya wannan ba ya rage tun suna da nama. A fara da tsohuwar da haƙoranta suka zube, da juya wadda ta shekara biyu ba ta haihu ba, da bijimin da ba ya huɗa. A riƙe karsana da shanun huɗa. A shekarar fari farashin hatsi hawa yake, na dabba sauka, kuma duk mako guda da aka jinkirta tazarar ƙaruwa take. In kowa ya kwaso ramammu zuwa kasuwar Alkaleri ko Tiken Gombe a lokaci guda, mahauci ne ke yanka farashi.

Hamma_Bajoga
Baffa Ardo, Allah ya ƙara lafiya, amma kwana ashirin bai kai a sayar da saniya ba. Yuli ne fa. In ruwa ya dawo a Agusta ciyawa kwana goma ta ishe ta ta tashi. Wanda ya sayar yanzu zai sayi irinta da tsada a kaka.

Ardo_Wawa
Gaskiya ne Hamma, ban ce a kwashe garke ba. Ɗaya daga cikin biyar, wadda da ma ba ta da amfani, a mayar da kuɗinta dusa da angurya tun kafin su tashi. Ciyawar da ta fito a makare ba ta yin tsawo, kuma karan gonar da ta sha fari kaɗan ne. Yunwar dabba ta wannan farin ba a Agusta za a gan ta ba, sai Maris zuwa Mayu.

Likitan_Dabbobi_Azare
Akwai haɗari ɗaya da nake so kowa ya riƙe, domin yana kashe dabba cikin awa guda. Dawar da ta sha fari ta tsaya gajera, da gyauron dawa da ya tsiro bayan ruwa ya dawo, suna tara guba a sabon ganye. Manomi ya ga gona ta lalace sai ya ce a saki dabbobi su ci, ai kada a yi asara biyu. Dabba mai yunwa ta cika ciki, sai haki, dalala, rawar jiki, ta faɗi. Ƙa'ida: kada a ba dabba ɗanyar dawa da ba ta kai santimita 60 ba, wato ta wuce gwiwa sosai. In dole ne a yi amfani da ita, a yanke a shanya ta bushe sarai, kwana bakwai ko fiye, domin gubar tana fita da bushewa.

Masarar da aka zuba wa taki da yawa sannan fari ya kama ta tana da tata matsalar daban. Sinadarin takin yana taruwa a gindin kara, kuma wannan bushewa ba ta fitar da shi. A yanke ta sama, a bar kamu ɗaya na gindi a gona, a gauraya da wani abinci, kuma kada a ba dabbar da ta kwana da yunwa.

Sauran abubuwan da fari ke jawowa: cin leda da tsumma, tauna ƙashi saboda ƙarancin gishirin jiki, da cin ganyen da da ba sa kusanta, irin gwaska a dazukan kudancin jihar. A ajiye musu kanwa da dutsen lasa. Cunkoso a mashaya ɗaya kuma shi ke yaɗa ciwon huhu da boru. Allurar ciwon huhu, ta harbin daji da ta saifa a yi su tun dabba tana da ƙarfi, allura ba ta kama jikin da ya rame yadda ya kamata.

Adda_Kumo
Likita, a yi mana bayanin jiƙa kara da yuriya don ciyar da dabba. Ana ta faɗin kilo goma a buhu goma, wasu su ce kilo ɗaya.

Likitan_Dabbobi_Azare
Adda, da awo ake yi, ba da buhu ba. Kilo 4 na yuriya ga kilo 100 na busasshen kara ko bambaron shinkafa. A narkar da ita sarai a ruwa lita 60 zuwa 100, gwargwadon bushewar karan. A daddatsa karan gajeru kamar tsawon yatsa, a shimfiɗa leda a rami, a zuba kara kaɗan, a yayyafa ruwan, a tattake da ƙafa, a ƙara wani, har ya cika. A rufe da leda a danne da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi kwana 21. In an buɗe zai yi launin ruwan zuma da wari mai hawa kai. A ɗebi na kwana ɗaya a baza a inuwa warin ya fita kafin a ba su, a mayar da rufin. A fara da kaɗan har mako guda cikinsu ya saba.

Inda ake kuskure: barin ƙwayar yuriya ba ta narke ba, barin dabba ta sha ragowar ruwan, da rufin da ke yoyon iska har kara ya yi funfuna. Ba a ba jaki, doki, ko maraƙin da bai kai wata shida ba. Kuma wannan yana riƙe dabba ne kawai. Mai tatsa ko mai ciki tana buƙatar ƙarin kilo ɗaya na angurya ko dusa a rana, da ɗan harawa ko 'ya'yan gawo.

DanDukku
Duk wannan lita 100 ɗin daga ina? Ku zo Dukku ko Kwami a watan Afrilu ku ga inda ake sayen jarka. A nan maganar ruwan sha ce farko, sauran duk bayanta suke.

Injiniya_Burtsatse
Dan Dukku ya taɓo inda ke ciwo, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Dukku, Kwami, wani ɓangaren Akko da Funakaye, har Darazo, Kirfi da Alkaleri, suna kan shimfiɗar yashi da laka mai kauri da masana ke kira Kerikeri. Ruwa yana nutsewa ƙasa sosai, a wurare da dama sai an wuce mita 100, wani wuri kusan 200, kafin a same shi. Famfon tuƙa-tuƙa kuwa iyakarsa wajen mita 45 zuwa 50. Shi ya sa burtsatsen da aka tona mita 60 a can don a cika alkawari take mutuwa a ranin farko. Sai sumo mai ƙarfi, wato injin da ake zurawa cikin burtsatse ya turo ruwa, da sola ko janareta.

Bauchi, Dass, Toro da Ningi labarinsu daban. Dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, galibi tsakanin mita 30 zuwa 60. Ba shi da yawa, kuma damina ɗaya in ta gaza ana gani a rijiya. A irin wannan wuri ƙara zurfi cikin dutse mara tsaga asarar kuɗi ce, gwajin ƙasa kafin tono shi ne aikin. Katagum, Gamawa da Zaki kuma ruwansu ya fi kusa, musamman gefen kogin Jama'are.

Ga mai burtsatse a lokacin fari: in ruwa ya fara fita da tari da iska, a kashe nan take. Sumo ruwa ne ke sanyaya shi, in ya yi gudu a bushe zai ƙone cikin mintuna. A sa masa na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya sauka, a rage bakin bawul yadda abin da ake ja ba zai fi abin da rijiyar ke kawowa ba, a riƙa ja awa biyu a huta awa ɗaya. In za a ƙara sauke sumo, a bar aƙalla mita biyu ko uku tsakaninsa da gindin rijiya, in ba haka ba yashi zai ci shi.

Mai_Yasar_Rijiya
Na gode Injiniya. Ƙari a kan rijiyar hannu. Lokacin ƙara mata zurfi shi ne Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya kai ƙarshen saukarsa, a ƙara gaba ɗaya ko biyu a sa kwalbati. Kafin mutum ya shiga a zura fitilar ƙwai da igiya har ƙasa. In ta mutu babu iskar shaƙa, kada kowa ya sauka. Kuma har abada kada a sauke injin fetur cikin rijiya don a kwashe ruwa, hayaƙinsa ba ya fita, yana kashe na ciki ya kashe wanda ya bi shi ceto. Injin a sama, tiyo a ƙasa, mai shiga da igiya a ƙugu da mutum biyu a baki.

DanDukku
To tafki fa? Ana yashe shi kowace shekara amma kafin Maris ya ƙafe.

Injiniya_Burtsatse
Saboda ana faɗaɗa shi ne maimakon a zurfafa. A rani rana da iska suna shanye wajen milimita 6 zuwa 8 a kullum daga saman ruwa. A kwana 150 an rasa wajen mita ɗaya, ban da wanda ƙasa ke tsotsewa. Tafki mai zurfin mita ɗaya da rabi ko ba a ɗebi ko guga ba, ba zai ga Afrilu ba. A yi shi mita huɗu ko fiye, a matse faɗinsa, a daɓe gindin da laka, a yi ƙaramin rami a mashigar ruwa da zai tare yashi, a kewaye shi, a fitar wa dabbobi nasu a kwami a waje. Dabba in ta shiga tafki tana rushe gaɓa, tana zuba kashi, kuma nan ciwon hanta ke kama ta.

Kada kuma a raina rufin kwano. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai mita 10 da mita 8, a shekarar da aka samu milimita 700, in an cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, zai ba da wajen lita 44,000. Gida mai mutum goma da ke amfani da lita 200 a rana, wannan ruwan fiye da wata bakwai ne. Tsadar tana wurin ma'ajiya, ba wurin indararo ba. Ruwan farko da ya wanke ƙurar rufi a zubar da shi.

Goggo_Nas_Deba
In ruwa ya yi ƙaranci mutane kan koma tafki da kududdufi, daga nan sai gudawa da kwalara, yara ne kan gaba. Matakin gida: a tace da tsabtataccen ƙyalle, a sa alif kaɗan ko garin ƙwayar zogale a juya a bari ya kwanta awa ɗaya, a tsiyaye na sama. Wannan ya share laka ne kawai, bai kashe cuta ba. Sai a tafasa, ko a sa maganin tsarkake ruwa na WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. A ajiye a jarka mai ƙaramin baki, ba randar da kowa ke tsoma moɗa ba. Masai kuma ya yi nisan mita 30 daga rijiya. Kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 15 zuwa 20 a rana don sha, girki da wanke hannu, in ya gaza haka wanke hannu ake fara yankewa, cuta kuma ta nan take shiga.

Dan_Fadama_Jamaare
Mu koma gonar Alhajin Gamawa. In yana kusa da fadama, ban ruwa ɗaya a lokacin fitar gemu ya fi buhun taki. Lissafin: milimita 20 a hekta ɗaya lita 200,000 ne. Injin inci uku a aikace yana ba da lita 30,000 zuwa 40,000 a awa, ke nan awa biyar zuwa bakwai, da fetur wajen lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. In ta lambatun ƙasa ruwan zai bi, a ƙara lokaci domin yashi zai sha rabonsa. Kada a ce sai an shayar da hekta duka. A zaɓi kwata mafi kyau a ba ta ruwa sosai da yamma, a tsallake kwari ɗaya a ba ɗaya.

Matsalar shekarar fari ita ce injin ban ruwa ba ya jawo ruwan da ya sauka ƙasa da mita 7 ko 8, komai ƙarfinsa. In rijiyar bututu ta fara tsotsar iska, a haƙa rami mita ɗaya da rabi a gefenta a sauke injin, a yanke bututun daidai. A duba mahaɗar tiyo, ƙaramar kafa ta isa ta hana shi kamawa. Kuma rijiyoyin da ke kusa da juna suna janye wa juna ruwa, gara maƙwabta su yi karɓa-karɓa.

Dan_Soro
Da an gama madatsar Kafin Zaki da aka shirya yi a kan kogin Jama'are ai da duk wannan bai taso ba.

Bakatagumiya
Ba haka take da sauƙi ba, ƙanena. Kogin Hadeja an riga an tare shi da madatsun Tiga da Challawa. Jama'are ne ya rage yana malala da kansa, kuma ambaliyarsa ce ke cika fadamun Jama'are, Itas da Zaki har zuwa dausayin Hadeja da Nguru, ita ke mayar da ruwa cikin rijiyoyin bututun da Dan Fadama ke magana. Wannan ne ya sa mutanen Yobe suka daɗe suna adawa da aikin. In za a yi, sai da tsarin sakin ruwa da kowa ya yarda da shi. Dubi madatsar Dadin Kowa: ruwa ga shi jibge a kan Gongola, yana shayar da garin Gombe, amma manomin Dukku bai san da shi ba. Madatsa tana amfanar wanda magudana ko bututu ya kai gare shi ne kawai. Gubi ma da ke shayar da Bauchi, in damina ta gaza ko yashi ya cike ta, unguwannin da ke kan tudu ne ke fara rasa famfo.

Hamma_Bajoga
A taimaka da maganar ramukan da mutanen Nijar ke yi, ana cewa suna riƙe ruwa.

MalaminGona_Misau
Tassa suke ce musu. Rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare yadda za ta tare ruwa. A tazarar mita ɗaya rami 10,000 ne a hekta, kowane a zuba tafi biyu na ruɓaɓɓen taki, wajen tan uku ke nan. A rani ake haƙa su kaɗan-kaɗan, don haka ba maganin bana ba ne. Kuma faƙo suke so, ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta. A jigawar Gamawa yashi zai cike su a ruwan farko.

Abin da za a iya yi yanzu shi ne ɗaure kunya. A kowace mita biyu ko uku a tare kwarin kunya da ƙasa, tsayin ya gaza na kunyar kaɗan don in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta kan ɗaurin, kada ya fasa kunya. Bayan fari saman ƙasa kan yi ɓawo, ruwan farko mai ƙarfi sai ya gudu ya bar gona a bushe. Ɗaurin ne ke tsayar da shi ya nutse. A ƙasar laka mai riƙe ruwa, kamar baƙar ƙasar wajen Deba, a kwance ɗaurin in Agusta ta yi ruwa da yawa. A kuma rage tushe: gero uku a rami, dawa biyu. Ciyawa a cire ta da hannu ko a sheme sama-sama, a bar ta a kwance ta rufe ƙasa. Huɗa mai zurfi a cikin fari tana yanke saiwa ta fitar da danshi.

Adda_Kumo
Ba a taɓo gyaɗa ba. Fari a makonnin ƙarshe kafin cira yana tsattsaga kwanso a cikin ƙasa, gara ta huda, funfuna ta shiga. Ita ce ke haifar da gubar da ke lalata hanta, ta sa a ƙi sayen gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tana bin dusa ta shiga nonon saniya. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, a kife ta 'ya'yan suna sama, a shanya a kan tamfol, a tsince masu tsaga da masu baƙi a ƙone su, kada a ba kaji. Akwai Aflasafe, maganin rage wannan gubar, da ake watsawa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure, amma shi ma yana son danshi. Darɓa kuma, ƙwarin nan masu tsotsar ganye, tana yawa in ruwa ya ɗauke, ita ke yaɗa kuturtar gyaɗa irin wadda ta karya noman gyaɗa a Arewa a 1975. Shuka da wuri kuma a matse tazara yana rage ta.

Kawu_Nafada
Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984. Na 1984 ya zo ne a kan garken da annobar shanu ta bushiya ta riga ta ragargaza a 1983. Bushiya an kawar da ita daga duniya tun 2011, amma abin da ya fi muni yau shi ne hanyar gudu ta toshe. A da makiyayi in fari ya kama shi zai bi burtali ya gangara kudu. Yau burtali da yawa sun zama gona, gandun kiwo irin su Wawa-Zange da Udubo an ci gefensu, fadamar da dabba ke samun ɗanyar ciyawa a rani ta zama lambu. Saboda haka in an ga alamar fari, mai unguwa da ardo su zauna tun Agusta su yanke ranar sakin gona, hanyar zuwa mashaya da lokacin shayarwa, da farashin kara. In aka bari sai Nuwamba, a gaban alƙali za a yi zaman.

Manomin_Gamawa
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta: taki ya jira ruwa, gero a bar shi, masara a tsaga a gani. Amma har yanzu Baffa Ardo da Hamma ba su daidaita kan sayar da saniya ba. Sannan in ruwan ya dawo yayyafi ne kawai, a shuka waken ko a jira?

Bakatagumiya
A jira, Alhaji. Yayyafi yana tsirar da iri ya bar shi ya mutu. Sai an samu milimita 20 ko fiye cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ba shi da ma'auni ya ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, in ruwan da ya taru ya kai santimita biyu a kan rula an samu. Ko a tona da hannu, in danshin sama ya haɗu da na ƙasa babu busasshiyar ƙasa a tsakani, a shuka a ranar. Wake ba a yi masa binne kuma ba a jiƙa shi. A raba irin biyu, a riƙe rabi a gida. A saurari hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, na kwana uku a rediyo ko wurin malamin gona na BSADP, hukumar bunƙasa noma ta jihar Bauchi. In goma ga Agusta ta wuce ba a samu irin wannan ruwan ba, waken da za a shuka don harawa ne, a zaɓi mai yaɗo.

Hamma_Bajoga
Kan saniya ina nan a kan bakana har tsakiyar Agusta. In zuwa lokacin ciyawa ba ta rufe ƙasa ba, Baffa ya yi gaskiya.

Ardo_Wawa
To ka duba haƙarƙarinta kowane mako. In kana ƙirga fiye da uku daga nesa, kuma ƙashin ƙugu ya fito, ta fara cin jikinta. Kada ka bari ta kai ga sai an ɗaga ta da safe, domin daga nan ba mai saye sai mahauci, kuma irinta ce ruwan farko mai sanyi ke kayarwa. Dusar dai ka saya yanzu, ko ka sayar ko ba ka sayar ba.